Gaurakin da Malam Sale Ya Gani

Mun tashi da asuba daga Kano, ana sallame salla muka faɗa mota, mu uku: ni, da mai motar, da wani abokinmu da ba ya rabuwa da kyamara ko da gaisuwar mara lafiya za shi. Gashuwa muka nufa, ta'aziyyar Malam Sale. Kafin wani ya tambaya, bari in faɗa da bakina, wata biyu da 'yan kwanaki ke nan da rasuwarsa. An yi jana'iza ban je ba, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, kullum ina cewa aiki ne ya riƙe ni. Wallahi ba aiki ba ne, kunya ce.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Sale tsohon malamin firamare ne a Gashuwa, kuma shi ya koya wa yawancinmu kallon tsuntsaye. Mu ne mutanen nan da kuke gani a bakin fadama da madubin hangen nesa rataye a wuya, kuna wucewa kuna cewa Allah ya ba su lafiya. Muna da zaure a waya inda kowa ke faɗin abin da ya gani, ni kuma ni ke riƙe da kundi, ina rubuta sunan tsuntsu, da inda aka gan shi, da wanda ya gani. Bara da kaka Malam ya rubuto cewa ya ga gauraki biyu da ɗansu guda, na daji, ba na gida ba. Duk wanda ya san harkar ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gauraka, dogon tsuntsun nan mai tukku ruwan zinare, kakanninmu sun gan shi garke-garke a fadamun nan, mu kuwa duk yawonmu ba mu taɓa ganinsa ba sai a tsakar gidan masu hali, an datse masa fiffike yana zagaye tsakanin motoci. Na ce Malam ya turo hoto, ya ce babu. Na ce to a ina ne, ya ce ba zai faɗa ba. Sai bakina ya ja ni. A gaban kowa na rubuta cewa ko dai na gidan wani Alhaji ne suka tsallake katanga, ko kuma idon Malam ne ya fara gajiya. Aka yi ta dariya, ni kuma na ƙi sa su a kundi. Daga ranar bai sake cewa uffan a zaure ba, har ciwon ƙoda ya kwantar da shi, har Allah ya yi ikonsa. Don haka abu biyu ya fito da ni daga gida: in yi ta'aziyya, in kuma gano ko gaskiyarsa ce. In gaskiyarsa ce, dole in wanke shi a gaban mutanen da na kunyata shi a gabansu.

Gari ya waye mana bayan Gezawa. A Gujungu muka tsaya karin kumallo wurin wani mai shayi da ke juya ruwan daga kofi zuwa kofi kamar ba mu da wurin zuwa. Da ya faɗi kuɗin shayi da burodi da ƙwai biyu, mai motarmu ya tambaye shi ko har da kazar ya haɗa. Mai shayi ko a jikinsa, ya ce mu je gaba mu ji na gaba. Da gaskiyarsa, don a Haɗeja da muka tsaya shan mai, sai da muka yi kewar farashinsa. Daga nan ƙasa ta buɗe, shinkafa ta nuna hagu da dama, ana yanka ana bugu a kan ganguna, manyan motoci sun jera a gefen titi ana loda buhuna. Titin lafiya lau ne a wasu wurare, a wasu wuraren kuma sai mai mota ya zaɓi ramin da ya fi masa sauƙi. Kafin Birniwa, a wani shinge, jami'in tsaro ya leƙo ya ga doguwar kyamarar abokinmu a kujerar baya, ya ja baya taku ɗaya ya ce mene ne wannan. Muka ce na ɗaukar tsuntsaye ne. Ya ce, "Tsuntsu na ci ko na kiwo?" Muka ce na kallo. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga sandar ya ce Allah ya sauwaƙe.

Wajen azahar muka shiga Nguru. Tun kafin ka ga kasuwa hancinka zai gaya maka ka iso, ƙamshin bandar kifi ko'ina, tarwaɗa an naɗe ta ta yi baƙi wuluk, ana shirya ta a kwalaye za a yi Kudu da ita. Muka wuce ta gaban tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda dogo ya zo ya ƙare, awaki na kwance a inuwar ginin. Wata dattijuwa mai abinci ta tarbe mu da "wushe, wushe", gaisuwar yarensu, sannan ta koma Hausa irin tasu mai zaƙi, ta zuba mana burabusko da miyar kuka da kan kifi kusan faɗin faranti. Mai kyamara, wanda a mota ya ce shi ba ya cin abincin hanya, shi ya fara neman ƙari.

Bayan mun yi salla na ce a kai ni bakin tafki. Kacalla, doguwar ciyawar nan da ta addabi masunta da manoma, ta ci wurare da yawa da na sani a buɗe, amma ruwa ya cika taf, kirinjijiya na ta fito suna tashi suna sauka, ga dinya can nesa, ga zalɓe guda tsaye kamar an dasa shi. A daidai wurin nan na fara haɗuwa da Malam Sale, shekaru da yawa da suka wuce. Na zo da sabon madubi da littafin tsuntsaye na Turanci, ina ta zuba wa abokaina bayani da ƙarfi, sai wani siririn dattijo da tsohon keke ya matso ya ce, "Kai Bakano, rage murya, ba kasuwa muka zo ba." Daga ranar sunana ke nan a wurinsa. Shi ya koya mini sunayensu da Hausa, wasu da Badanci, yaren mutanen Gashuwa, shi ya koya mini zama awa biyu ba motsi. Ko kwabo bai taɓa karɓa a hannuna ba, in na kwana gidansa kuwa, katifarsa yake bar mini ya koma tabarma. Na ɗan tsaya a wurin, sannan na ce da abokan tafiyata mu tafi, rana na yi.

Daga Nguru zuwa Gashuwa ba nisa. Goruba ce ta cika hanya, mata na zaune gindinta suna saƙar tabarmar kaba, raƙuma ɗauke da buhuna suna tafiya a gefen kwalta ba ruwansu da hon. A Jajimaji muka sayi kankana, mai sayarwa ya rantse in ba ta yi ja ba mu dawo masa da ita, kamar ya san ba ta nan za mu kwana ba. Ta yi ja kuwa. Ni dai ban iya ci ba, tun da muka bar Nguru nake shirya abin da zan faɗa a gidan Malam, in shirya in rushe.

Bayan la'asar muka yi sallama a ƙofar gidan. Ƙaninsa ne ya fito, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo ruwa da kunun tsamiya. Muka yi addu'a, muka shafa. Keken Malam na nan jingine a bango, tayoyin sun sace. Can sai muka ji motsi bayan labulen ƙofar ciki. Matarsa ce, Ya Fanna, tana cikin takaba, don haka daga nan ta tsaya ta amsa gaisuwarmu. Muka yi mata ya haƙuri, ta ce haƙuri sai ma'aiki. Sannan ta ce, "Wane ne Bakano a cikinku, mai kundi?"

Na ce, "Ni ne, Ya Fanna."

Ta ce, "Ranar da ka rubuta abin da ka rubuta, tuwonsa a rufe ya kwana. Shekara talatin da wani abu ina tare da shi, ba a taɓa ce masa ya yi ƙarya ba sai ranar."

Duk abin da na shirya a mota ya gudu. Na sunkuyar da kai na ce na yi kuskure, ta yafe mini. Ta ce ita ba ita aka yi wa ba, ta saki labule ta koma ciki. Ba da faɗa ta faɗa ba, jama'a, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ƙanin Malam ya ga yadda na yi, ya ce in yi haƙuri, mai takaba ce. Sannan ya rage murya ya ce mutum ɗaya ne ke da ta cewa a zancen tsuntsayen nan, wani dattijon masunci, Baba Maina, wanda shi ke da iko da wani tafki tun kakanninsa. Ya ce gobe zai kai mu, amma bai yi mana alkawarin komai ba, don tsohon ba a juya shi.

Washegari da sassafe muka bar mota a gari muka hau babura, ƙanin Malam na gaba. Muka wuce Katuzu, mutane sun riga sun fita fadama, masu tattasai na ban ruwa, masu shinkafa na korar jan-baki da gwangwani da ihu. Daga nan kuma, ku yi mini uzuri, ba zan ce gabas muka yi ko yamma ba. Abin da zan iya faɗa, mun sha taɓo, sau biyu muna sauka muna tura babur, takalmin mai motarmu ɗaya ya zauna a laka sai da aka sa hannu aka zaro shi.

Muka tarar da Baba Maina a bakin ruwa yana gyaran koma, manyan goruna na kamun kifi a kife kusa da shi. Gajere ne, baƙi, hannayensa kamar icen da ya sha ruwa ya bushe. Ƙanin Malam ya yi masa bayani da Badanci, na ji sunana na Bakano ya fito a ciki, na ga tsohon ya ɗago ya dube ni daga sama har ƙasa. Da Hausa ya amsa, don in ji da kunnena. Ya ce babu wani gauraka a nan, mu koma. Na durƙusa na gaya masa gaskiya tun daga farko, ban rage komai ba. Na ce hoto ɗaya tak nake so, in kai zaure in nuna wa mutane cewa Malam bai yi ƙarya ba.

Ya ajiye komar ya ce, "Ɗana, shi ya ce maka a wanke shi? Wayar da ke aljihunsa mai hoto ce, 'yarsa ta saya masa. Da yana so da ya ɗauka."

Sai ya ba mu labarin. Shekarun baya an taɓa samun wasu gaurakin a wani tafki can gaba. Baƙi suka zo suka ɗauki hoto suka watsa, da kyakkyawar niyya, har da sunan wurin. Ba a yi kwana goma ba masu tarko suka iso, suka kwashe 'ya'yan a kwando aka yi birni da su, iyayen kuma ba a ƙara ganinsu ba. Don haka da waɗannan suka zo suka yi sheƙa a cikin kacalla, Malam Sale ya bi masunta gida-gida yana roƙonsu su yi shiru. Baba Maina kuma ya hana shiga wannan kusurwar, ba koma, ba gora, ba ƙugiya, sai 'ya'yan sun tashi sama, alhali nan ce matattarar kifin tafkin. An yi gunaguni, amma an bi. Ko sunan tsuntsun ba sa kamawa a kasuwa, baƙin Malam suke cewa. Ya ce ranar da Malam ya rubuta mana a waya, murna ce ta fi ƙarfinsa, daga baya ya zo nan ya zauna yana cewa ya yi wauta. Da kuka ƙaryata shi, in ji tsohon, ya ce ya ji zafi, amma gara haka, ba wanda zai zo nema.

Tsohon ya daɗe yana kallona, sannan ya jawo wata ƙwarya ya ajiye a gabanmu. Ya ce saboda Malam zai kai mu, amma duk wata waya da kyamara a nan za su zauna, madubi kawai ya yarda da shi. Abokinmu mai kyamara ya dube ni kamar an ce ya bar ɗansa a tasha. Tun daga Kano yake rungume da ita, ya goge gilashinta ya fi sau goma a hanya. Ya cire ta daga wuya ya naɗe a rawaninsa ya miƙa wa ƙanin Malam. Ban taɓa ganin girmansa irin na ranar ba.

Kwalekwalen ƙarami ne, in ɗaya ya yi tari sai ya girgiza. Baba Maina na tsaye a baya yana tura shi da dogon gora, muka shiga wata siririyar hanya cikin kacalla, ganyen na marinmu a fuska, sauro na cin rabonsa. Mun yi kusan awa guda kafin ya tsaya inda ciyawar ta ɗan buɗe, ya yi mana alama mu duƙa. Muka duƙa. Balbelu suka wuce, jinjimi biyu suka wuce, rana ta fara cizo, ƙafata ta yi sanyi ƙalau. Zan faɗi abin da bai kamata in faɗa ba: a cikin jiran nan akwai wani ɓangare na zuciyata da ke fatan kada a ga komai, don in samu abin da zan rage wa kaina laifi da shi. Allah ya yafe mini.

Kuka muka fara ji, mai kauri, kamar ana busa ƙaho daga nesa. Sai ga su sun fito daga bayan ciyawa, suna taku a hankali a cikin ruwan da bai kai musu gwiwa ba. Manya biyu, baƙaƙe masu farin fiffike, kumatu fari da ja, tukkun nan yana ƙyalli a rana. A bayansu 'ya'ya biyu, launinsu ƙasa-ƙasa, tukkunsu bai gama fitowa ba, suna tsince-tsince ba su san da mu ba. Ɗaya daga manyan ya buɗe fiffike ya yi tsalle sau biyu, ya sauka ya ci gaba da kiwo. Na ɗaga madubi, na kasa gani, ruwa ya cika mini ido. Abokinmu na ga ya ɗaga hannayensa biyu zuwa fuska yadda ya saba, ba komai a cikinsu, ya mayar da su cinya. Baba Maina ya sunkuyo ya raɗa mini cewa bara ɗaya suka yi, bana biyu, Malam bai ga na bana ba. Mun yi kamar rabin awa muna kallonsu, sannan ya juya kwalekwalen ba tare da ya tambaye mu ba.

A bakin ruwa na rasa abin da zan yi wa tsohon. Na sa hannu a aljihu, ya harare ni, na fitar da shi ba komai. Sai ma shi ya ɗaure mana kifi karfasa huɗu a igiyar kaba ya ce mu kai wa iyali.

Da muka koma Gashuwa, maƙabarta muka fara zuwa. Ƙanin Malam ya nuna mana kabarin, ƙasar ta riga ta kwanta, an kafa wani guntun tulu a kai. Muka yi masa addu'a. Da sauran suka juya na tsaya baya kaɗan, na faɗa masa abin da ya kamata in faɗa tun yana da rai, ko da yake na san lokacin amsa ya wuce. Daga nan muka koma gidan yin sallama. Na roƙi a yi mini magana da Ya Fanna, ta zo bayan labule. Na ce, "Ya Fanna, na je na gani da idona. Suna nan, har da 'ya'ya biyu. Gaskiyar Malam ce."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ni ka ga ban taɓa ganinsu ba, ko sau ɗaya bai kai ni ba. Ya dawo ya ce ya gani, na ce masha Allah." Ta ƙara da cewa Allah ya kai mu gida lafiya, in gaida iyalina, ta kuma sa aka kawo mana ƙullin yaji da busasshen tattasai.

Hanyar dawowa ba mu yi hira sosai ba. Mun tsaya Nguru mai mota ya sayi kwalin banda, mun yi la'asar a Haɗeja, magariba ta same mu kusa da Gezawa, muka shiga Kano ana kiran isha'i, motar duk tana ƙarnin kifi. Washegari da safe na buɗe kundi na koma shafin bara, na rubuta gauraka, manya biyu da ɗa guda, wanda ya gani Malam Sale. Wurin da ake rubuta inda aka gani na bar shi fari, haka kuma zai zauna. Sannan na shiga zaure na rubuta cewa na yi wa Malam ba daidai ba a gabansu, ina janyewa a gabansu. Ba a yi minti biyar ba wani sabon shiga ya tambaye ni hoto. Na ce babu. Ya ce to ta yaya za a yarda. Na ce kada ya yarda, ba komai.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Shekara da shekaru na san mutumin nan, na ci tuwonsa, na kwanta a katifarsa, bai taɓa gaya mini abu ya zama ba haka ba, amma rana ɗaya na ajiye duk wannan na ce sai ya kawo shaida. Sai da na sha taɓo na shiga kwalekwale kafin in yarda da abin da matarsa ta yarda da shi tana zaune a tsakar gida. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa Malam Sale a addu'a. Allah ya jiƙansa, ya sa ya yafe mini kafin ya tafi.